Darasi na 14: Idan ɗalibin gida ya ce sai an saya masa babbar waya

Ga jagorar zama

A yi wannan darasi bayan an gama zubi an kulle akwati, don hankalin kowa ya dawo wuri ɗaya. Zai ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Tun a zaman da ya gabata ki roƙi mata biyu ko uku su aro babbar waya daga gida, in da hali har da kwalin da ta zo a ciki. Ki tanadi babbar takarda da abin rubutu saboda lissafi. Ki karanta kaɗan ki tsaya, ki bar mata su yi magana. Wadda ta taɓa saya wa ɗanta waya ta fi takardar nan sanin wasu abubuwan.

Dalilin kawo wannan magana

Sifawa garin karatu ne tun da can. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma ɗalibai daga wurare masu nisa suka riƙa zuwa ɗaukar karatu. Don haka ba baƙon abu ba ne a ga uwa a nan, ko a Bodinga, ko a Shagari, ta sayar da akuyarta don karatun ɗanta. Abin da ya sauya shi ne kayan karatun. A da littafi ne da biro da fitila. Yanzu yaro zai dawo hutu ya durƙusa ya ce, “Inna, duk ajinmu ni kaɗai ne ba ni da babbar waya.”

Maganar nan tana zuwa gaban ƙungiya ta hanya biyu. Ko dai mace ta nemi rance daga akwati don ta saya, ko kuma ta ce rabonta na ƙarshen shekara gaba ɗaya waya zai tafi. Kuɗin babbar waya mafi araha a yau ya kai zubin wata da watanni na yawancinmu. In an yi kuskure, ba yaron kaɗai ya yi asara ba, guminki na shekara ne ya tafi. Kuma mu da za mu fitar da kuɗin sau da yawa mu ne ba a tambaya. Yaro ya zaɓa, mai shago ya zuga, uwa ta ƙirga kuɗi ta miƙa. Wannan darasi don ki iya yin tambaya ne a shago kafin ki kwance bakin zane.

Wane ɗalibi ne, kuma me zai yi da ita?

A tambayi mata: a cikinmu wa ke da ɗa ko ɗiya a ajin ƙarshe na sakandare? Wa ke da wanda ya shiga makarantar gaba?

Bukatar waɗannan biyun daban ce. Wanda ya samu shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko makarantar koyon aikin jinya, gaskiya yana bukatar babbar waya. Rajistar darussa ta intanet ake yi. Sanarwar an ɗage lacca ko an matso da jarrabawa a zauren WhatsApp na aji ake sa ta. Takardun karatu da a da ake biyan kuɗin kwafi, yanzu malami ko shugaban aji ya kan tura su a waya. Asusun ba ɗalibai rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na 2024, shi ma ta intanet ake nema. Ɗalibin da ba shi da waya zai riƙa bin abokai yana aro, kuma rana ɗaya zai makara a kan abin da ba a jira.

Na sakandare kuwa, a yi hankali. Abin da hukumar JAMB take nema daga gare shi a matakin farko saƙon tes ne, kuma ƙaramar waya mai madannai tana tura shi. Amfanin babbar waya gare shi shi ne gwajin tambayoyin shekarun baya, domin tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da bai saba amsa tambaya a fuskar na'ura ba ya kan rikice. Wannan amfani ne na gaske, amma wayar yayansa ko ta kawunsa ta awa ɗaya da yamma za ta iya biyan sa. Ranar jarrabawa kuma ba a shiga da waya ɗakin jarrabawa sam, wanda aka kama da ita ya jawo wa kansa. A ra'ayinmu, idan kuɗi ɗaya ne, kuma zaɓi ne tsakanin kuɗin rajistar jarrabawa da waya, a biya rajista.

Layi ya fi wayar daraja

Nan za mu daɗe, domin nan aka fi yin kuka.

Lokacin da ɗalibi zai yi rajistar JAMB, sai ya zama yana da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Hukumar ta wajabta haka tun 2021. Zai rubuta NIN, ya bar fili, ya sa lambobinsa 11, ya tura zuwa 55019 ko 66019. Sai a dawo masa da wata lamba wadda da ita zai sayi fom. Daga wannan rana layin da ya yi amfani da shi ya ɗauru da sunansa a wurin hukumar. Da shi zai duba sakamakonsa, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa masa, kuma layi ɗaya ba ya yi wa ɗalibai biyu.

Me ke faruwa a ƙauyukanmu? Yaro ya je shagon intanet a birni, ba shi da layi, mai shagon ko wani aboki ya ce kawo in tura maka da nawa. An gama, an dawo gida ana murna. Bayan wata shida an ba yaro gurbin karatu, ana neman ya amsa, mai layi ya tafi ci-rani ko ya yar da layin. Wata mata a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ta ba da labarin yadda ɗiyarta ta yi ta zirga-zirga zuwa Sakkwato saboda irin wannan, kuɗin mota kaɗai ya fi kuɗin sabon layi sau da yawa.

Saboda haka tun kafin a yi maganar waya, a tanadar wa ɗalibi layinsa shi kaɗai. Tun ƙarshen 2020 aka ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN, don haka kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin kasuwa. Idan yaron bai kai shekarun da za a yi masa rajista da sunansa ba, uwa ko uba su je da kansu a yi da sunansu, a ware masa. A ajiye katin da aka ɓalle layin daga jikinsa a cikin adaka ko wurin takardun gida. A riƙa sa masa kati ko na naira 100 ne ana kira lokaci-lokaci, domin layin da aka bari watanni ba a amfani da shi kamfani ya kan rufe shi ya ba wani. Idan waya ta ɓace, a je ofishin kamfani a dawo da wannan lambar dai, kada a ce ai sai a sayi sabo.

Waya ana sauya ta sau biyu ko uku kafin yaro ya gama makaranta. Lambar kuwa za ta bi shi har banki, har neman aiki.

Karanta kwali

Yanzu a ɗauko kwalayen da aka zo da su, a zagaya da su. Ko wadda ba ta yi boko ba za ta iya gane lambobi huɗu a jikin kwali, kuma su ne kusan duk abin da ake bukata.

Na farko, inda aka rubuta RAM. Ki ɗauke shi kamar faifan da kike tsince shinkafa a kai. In faifan ƙarami ne, kaɗan-kaɗan za ki yi, aiki ya yi ta jan jiki. Waya mai RAM 2GB tana aiki, amma da zarar yaro ya buɗe takardar karatu ga WhatsApp ga shafin makaranta sai ta fara sanƙarewa. Ga ɗalibin makarantar gaba a nemi 4GB, in kuɗi bai kai ba 3GB. A nan akwai wata dabarar talla da ya kamata ku sani. Za ku ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Huɗun farko su ne na ainihi, huɗun baya aro ne wayar ke yi daga ma'ajiyarta, kuma ba su kai na ainihi sauri ba. Ki tambayi mai shago, “Nawa ne na asali?”

Na biyu, ma'ajiya, wadda wasu ke kira memori. Shi ne rumbun wayar, inda takardu da hotuna da sauti ke zama. Za a rubuta 32GB, 64GB ko 128GB. Ku sani tun daga kamfani wayar ta riga ta cinye wani kaso na rumbun da kayan aikinta, don haka mai 32 ba 32 za ka samu ba, kuma kafin zangon karatu biyu za ta fara cewa ta cika. Mai 64 ta isa ɗalibi in ba tara finafinai zai yi ba. A duba ko tana da wurin sa ƙarin katin memori, wanda za a iya saya daga baya in an samu hali.

Na uku, batir. Ga mu mutanen da wutar NEPA ba ta zama, wannan ne ya fi komai. Lambar da ke da mAh a bayanta ita ce girman tulun. Yawancin wayoyin da ake sayarwa yanzu 5000 ne, kada a sauka ƙasa da haka. Wayar da ba ta kwana da caji kullum tana wurin mai caji, kullum ana biya, kuma a can ne ake musanya ko a ɗauke. A duba bakin cajar ma. Akwai tsohon baki mai fuska ɗaya, akwai sabo da ake kira Type-C wanda ke shiga ta kowace fuska. Sabon ya fi ƙarko, kuma shi ne yaro zai fi samun aro a ɗakin kwanan ɗalibai.

Bari mu ƙara wata magana a kan batir tunda muna ƙasar Sakkwato. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi ya kan haura maki 40, kuma ba abin da ke kashe batir kamar zafi. Kada a bar waya a rana, kada a sa ta caji a ƙarƙashin matashi ko cikin jaka, kada a yi ta danne-danne tana jikin wuta. In aka ga bayan wayar ya kumbura ko fuskarta ta ɗago, a daina amfani da ita nan take a kai wa mai gyara, domin irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, ga ɗakunanmu da danni da katifa.

Na huɗu, a ga an rubuta 4G. Mai 3G kaɗai ta tsufa, buɗe shafin makaranta da ita wahala ce. Ita kuwa 5G ƙarin kuɗi ne kawai ga ɗalibi, kada a bari a ja ku can.

Kyamara fa? Yara a kanta suke rigima, ido uku, ido huɗu. Abin da karatu ke nema shi ne a ɗauki hoton shafin littafi a iya karanta rubutun. A gwada a shago da kowace takarda. In ya fito, ta wadatar. Launi da sirantaka da ƙyalli ba su shafe mu ba.

Game da suna, Tecno da Itel da Infinix duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin ke yin su, ana kiransa Transsion, kuma su suka fi yawa a hannun mutane a nan. Akwai Samsung da Redmi. Ba mu tallata ko ɗaya. Abin da za mu ce shi ne ki sayi wadda mai gyaran waya na Bodinga ko Shagari ya saba da ita, yake da gilashinta da bakin cajinta a durowarsa. Wayar da sai an aika Kano ko Legas neman kayan gyaranta, ranar da ta faɗi ƙasa ta zama ado.

Tambaya ɗaya da kwali ba zai amsa ba ita ce wane layi ne ke da sabis a inda yaron zai zauna. MTN zai iya yin ƙarfi a unguwarku, Airtel ko Glo ya fi a makarantarsu. A tambayi ɗaliban da suka riga shi zuwa. Kusan duk wayoyin nan layi biyu suke ɗauka, sai ya bar na JAMB a gefe ɗaya, ɗayan gefen ya sa wanda datarsa ta fi tafiya.

Sabuwa, ta hannu, ko ta bashi

Sabuwa a kwali ta fi kwanciyar hankali. A tsaya a buɗe ta a gabanku. A danna *#06# kamar za a yi kira, wasu lambobi masu tsawo za su fito, ana ce musu IMEI, su ne shaidar wayar kamar tambarin da ake yi wa dabba. A gwama su da waɗanda ke jikin kwali. In sun saɓa, a ajiye a fita. A karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da wannan lamba a jiki. Sababbin wayoyi su kan zo da garantin shekara ɗaya, amma garanti ba ya biyan fashewar gilashi ko faɗawa ruwa, kuma sai da rasit ake sauraron ku. Kada yaro ya yar da kwali.

Ta hannu tana da araha, kuma wani lokaci ana dace, musamman in daga hannun ɗan uwa ne da aka san dalilin sayarwarsa. Haɗarinta uku ne. Batirinta ya riga ya gaji. Tana iya zama a kulle da asusun Google na tsohon mai ita, ta yadda in aka goge ta sai ta ƙi buɗewa sai da kalmar sirrinsa, don haka a sa shi ya cire asusunsa ya goge ta a gabanku, yaro ya sa nasa a nan take. Na ukun shi ne mafi muni, ta kasance ta sata ce. 'Yan sanda da wannan lambar IMEI suke bin sawu, kuma wanda aka samu wayar a hannunsa shi ake fara kamawa. Ki yi tunanin ɗanki yana tsakiyar jarrabawa a zo a tafi da shi ofishin 'yan sanda saboda rangwamen naira dubu goma. Duk wanda ya tare ku a tasha ko bakin kasuwa yana cewa uzuri ne ya kama shi, ba kwali ba rasit, ku ce Allah ya ba da kasuwa ku wuce.

Sai wayar bashi, wadda ta yi yawa yanzu. Ana ba da wani abu a karɓi waya, saura a riƙa biya duk mako ko duk wata. Abin da masu talla ba sa ɗaga murya a kai shi ne akwai abin da aka sa a cikin wayar wanda ke kulle ta idan ranar biya ta wuce. Kuma jimillar abin da za a biya ta kan zarce kuɗin hannu da nisa.

A yi wannan lissafi a babbar takarda. Kuɗaɗen misali ne kawai, farashi yana sauyawa kullum, jagora ta sa na ranar in ta samu. A ce waya naira 100,000 ce kuɗi hannu. A bashi an ce a ba da 30,000, sannan 17,000 duk wata har wata 6. Sau 6 na 17,000 ya zama 102,000, a haɗa da 30,000 ya zama 132,000. Ƙarin 32,000 ke nan. A tambayi mata: buhun me wannan kuɗi zai saya? Sannan a tambaya: a watan da amfanin gona ya ƙare kuma ba a yi ciniki ba, daga ina 17,000 za ta fito? Wadda zuciyarta ba ta kwanta da irin wannan ƙari ba ta fuskar addini, ta tambayi malami kafin ta sa hannu. In kuma ana sayen ta hannu, a tabbatar ba wayar bashi ce da ba a gama biya ba, domin za ta kulle a hannunku.

Ɗan wasan kwaikwayo

A zaɓi mata uku, ɗaya uwa, ɗaya ɗiya, ɗaya mai shago. Su fara da wannan, su ci gaba da nasu.

Mai shago: Hajiya, sannu da zuwa. Ga wagga, ita 'yan makaranta duka ke saye. Ido uku gare ta.

Ɗiya: Inna, don Allah ita nake so. Irin ta ƙawata ce.

Uwa: Tsaya tukuna. Malam, ba hoto munka zo ɗauka ba, karatu za ta yi. Wanga takwas da anka rubuta, nawa ne na asali?

Mai shago: Ai Hajiya duk ɗaya ne.

Uwa: In duk ɗaya ne, mi ya sa anka raba shi biyu? Buɗe mu gani. Ke kuma danna lambobin nan da anka koya muna, ki duba ko sun yi daidai da na kwali.

Mai shago: Hajiya kin san waya ke nan.

Uwa: Ban san waya ba, na dai san yadda na tara kuɗin. Za ka ba mu rasit?

Bayan wasan a tambayi sauran: me uwar ta manta ba ta tambaya ba? Ya kamata wata ta tuno batir, wata ta tuno garanti da kayan gyara.

Daga ina kuɗin zai fito?

Rancen akwati an fi yin sa ne don abin da zai juya ya dawo da kansa kafin wa'adi, kamar gyaɗar ƙuli-ƙuli, ko sarin albasa, ko ɗan rago da za a kiwata zuwa Layya. Wayar ɗalibi ba ta haihuwa. Duk wadda ta ci rance don waya, daga wata sana'arta za ta biya, kuma in sana'ar ba ta ɗauka ba, ita da ƙungiya duka sun shiga rigima. Ba mu ce haramun ne ba, dokar kowace ƙungiya tana hannunta. Amma mun fi son a yi shiri tun da wuri. Uwa ta san ɗanta yana aji shida tun farkon shekara. In ta ƙara naira 2,000 a kan zubinta duk mako, cikin mako 50 ta tara 100,000, ranar rabo ta ɗauka ta je shago ba bashin kowa a kanta. In uba ko yayye za su kawo rabi, abin ya zo da sauƙi, kuma ya kamata a nemi su kawo. Wata dabarar ita ce ta ci rance ta sayi ɗan tunkiya, ta biya rancen daga sana'arta a hankali, in ya yi ƙiba a sayar a sayi waya.

Kada kuma a kashe kuɗin duka a kan wayar. A rage na gilashin kariya da rigar roba, a sa su tun a shago kafin a fito, domin canjin fuskar waya ya kan ci kaso mai tsoka na kuɗinta.

Sannan akwai cin yau da gobe. Waya kamar akuya ce, saye ɗaya ne, ciyarwa kullum. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kusan rabi, kowa ya ji a jikinsa. A ce yaro zai sa datar naira 3,000 a wata, a shekara 36,000 ke nan. A ce caji naira 100 ne, sau 5 a mako, a shekara ya kai 26,000. Wa zai riƙa biya? A yanke wannan tun kafin a saya. Abin da ke cinye data shi ne bidiyo, TikTok da YouTube da finafinai. Takardun karatu da saƙonni kaɗan suke ci. Yaro ya shiga WhatsApp ya hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, ya riƙa karɓar manyan takardu daga wayar aboki ta Xender wanda ba ya cin data, ya riƙa danna *323# yana ganin abin da ya rage masa. Ki ce masa datar wata ɗaya ce, in ta ƙare ranar 10 ga wata sai ya jira.

Ɗiya mace, da kuma asusunki

Mun san a gidaje da yawa in namiji ya nemi waya ana duba kuɗi ne, in mace ta nema sai a fara duba tarbiyya. Tsoron iyaye yana da dalili, akwai masu yaudarar yara mata ta waya, su nemi hoto, daga baya su yi barazana da shi. Amma samari ma suna faɗawa caca ta intanet da abokan banza, ba a cika maganarsu ba. Yarinyar da ke karatun jinya ko koyarwa bukatarta ɗaya da ta ɗan uwanta, kuma in an hana ta, aro za ta yi a hannun wanda ba ku sani ba. Ya fi kyau a zauna da mahaifinta tun farko a yi magana a fili, wayar ta shigo gida da saninsa. A yi sharaɗi ɗaya ga mace da namiji: ba a tura wa kowa hoton da za a ji kunyar Baba ya gani, kuma duk wanda ya yi barazana a faɗa wa Inna tun ranar, ba za a fara da duka ba. Yaron da ya san dukan tsiya ke jiransa ɓoyewa zai yi har abin ya lalace.

A sa wa wayar makulli, a sa wa layin ma lambar sirri, domin ɓarawo ya kan cire layi ya sa a wata waya ya nemi shiga asusun banki da shi. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko daga makaranta, ko wai an ci tallafin karatu, a karanto masa lambobin da suka shigo ta tes, ɗan damfara ne. Banki ba ya tambayar wannan.

Wata magana ta ƙarshe da ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu in yaro ya samu babbar waya sai mu ce ya buɗe mana asusun OPay ko Moniepoint a ciki, shi ke riƙe da lambar sirri. Yaro zai koma makaranta da kuɗinki a aljihunsa, waya za ta iya ɓacewa, aboki zai iya ganin lambar. Asusunki ya zauna a kan layinki. Kuɗin ƙungiya kuwa kada a taɓa ɗora shi a wayar ɗan kowa, ko da ɗan shugaba ne ko na ma'aji.

Aikin da za a zo da shi zama mai zuwa

Duk mai ɗa ko ɗiya da zai yi JAMB bana ta gano layin wa aka yi ko za a yi amfani da shi, kuma yana hannun wa yanzu. Mata biyu da ke da hanyar Bodinga ko Sakkwato a wannan mako su tambayo farashin waya mai RAM 4GB na asali, ma'ajiya 64GB da batir 5000 a shago uku daban-daban, kuɗi hannu da kuma na bashi, a rubuto musu a takarda. Da waɗannan lambobi za a sake yin lissafin da muka yi yau.